Ku Tambaya Mu Amsa: "Shekara biyu ban ci jibin Ubangiji ba"

Salama gare ku masu karatu. Wannan watan yawancin saƙonnin da suka shigo a kan jibin Ubangiji suke, wato cin gurasa da shan ruwan inabi a coci don tunawa da mutuwar Yesu, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya, wasu na gajarta su saboda fili, sunaye kuma kamar kullum ba ma sakawa.

TAMBAYA: Baba ina gaisuwa cikin sunan Yesu. Don Allah a taimaka min da shawara. Yau kusan shekara biyu kenan ban ci jibi ba, kuma ba wai an sa ni a horo bane, ni ce da kaina na janye. Akwai wata 'yar'uwa da muke kwaya tare, wato ƙungiyar mawaƙan coci, na ranta mata kuɗi ta yi jari, da lokacin biya ya yi sai ta ce ai ba bashi bane kyauta na ba ta, har ta riƙa faɗa wa mutane wai ni mai son abin duniya ce. Tun daga nan ba ma ga maciji, na yi mata bulok a WhatsApp, a coci ma in ta bi nan sai in bi can. Ita kam duk wata sai ta miƙa hannu ta ɗauki gurasa hankalinta kwance, ni kuwa in tire ya iso bencinmu sai in yi kamar ina neman wani abu a jaka har ya wuce, don ina tsoron ayar nan da ta ce wanda ya ci da rashin cancanta hukunci yake ci wa kansa. Baba na gaji, me zan yi?
Daga wata 'yar kwaya

AMSA: 'Yata, saƙonki ya sosa min rai, musamman maganar jakar nan, don duk wanda ya taɓa tsayawa yana rabon jibi ya san irin wannan sunkuyar da kai, wani ya duba jaka, wani ya buɗe littafin waƙa kamar yana neman lamba, wani kuma daidai lokacin fita waje ke kama shi.

Bari mu fara da ayar da take ba ki tsoro. Tana cikin 1 Korintiyawa 11, aya 27 zuwa 29, amma damuwar ita ce mutane sukan fara karatu daga 27 alhali Bulus ya soma maganar tun daga aya 17. Daga Afisa ya rubuta wasiƙar nan wajen shekara ta 55, lokacin ba a fara gina majami'u ba, a gidajen mutane ake taruwa, jibin kuma cikin cin abinci sosai ake yin sa. To me ke faruwa a Koranti? Kowa yana riga cin nasa, masu hali su ci su ƙoshi wasu har su bugu, marasa shi kuma su zauna da yunwa suna kallo, a taro ɗaya, da sunan Ubangiji ɗaya. Shi ne Bulus ya ce musu wannan abin da kuke ci ba jibin Ubangiji bane sam, ba ku da gidajen da za ku ci ku sha ne, ko raina ikilisiyar Allah kuke yi kuna kunyata waɗanda ba su da komai? Da ya zo rufe maganar a aya 33 kuma abin da ya ce shi ne in kun taru ku jira juna. Kin ga rashin cancantar da yake faɗa a kai kenan, mutum ya zo teburin yana taka ɗan'uwansa ko a jikinsa. Ba da mai karyayyar zuciya yake ba, wadda ta san halin da take ciki har take jin nauyin miƙa hannu.

Ki kuma duba aya 28 da kyau. Cewa ya yi kowa ya auna kansa, sa'an nan ya ci gurasar ya sha ƙoƙon. Awon na shirin ci ne, ba na gudu ba.

Sa'an nan ki tuna su wa ke zaune a teburin farko. A Luka 22, Yesu ya ce ya yi marmari ƙwarai ya ci wannan Idin Ƙetarewa tare da su, alhali ya san Bitrus zai yi musunsa sau uku kafin zakara ya yi cara, ya san sauran duk za su watse su bar shi, kai a wurin cin abincin ma gardama ta tashi tsakaninsu a kan wa ya fi girma, tana nan a aya 24. Irin waɗannan mutanen ya miƙa wa gurasa ya ce wannan jikina ne da za a bayar dominku. Da a ce sai wanda ya gama gyara kansa tsaf ne zai ci, da tun ran nan babu mai ci, har da masu rabon.

Amma fa ba zan yi miki daɗin baki ba 'yata. Nauyin da kike ji ba banza bane, lamirinki gaskiya yake faɗa miki, domin a 1 Korintiyawa 10:17 Bulus ya ce tun da gurasar ɗaya ce, mu ma duk yawanmu jiki ɗaya ne. Ba zai yiwu ki ci gurasa ɗaya da mace kina kauce wa hanyarta ba, kuma tun farkon ikilisiya haka aka ɗauki abin, akwai tsohon littafin koyarwa da ake kira Didake, na wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ce mai rigima da ɗan'uwansa kada ya shiga taron sai sun shirya. Inda kika tsaya ne matsalar. A Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baikonka bagade ka tuna akwai magana tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Ajiyewa, tafiya, dawowa. Ke kin ajiye kin zauna shekara biyu, ba ki je ba ba ki dawo ba, kuma a cikin wannan zaman ke ce kike ramewa.

Don haka ga abin da nake so ki yi. Ki cire bulok ɗin nan tukuna. Ki neme ta ku biyu kawai, ido da ido ba ta saƙo ba, yadda Matiyu 18:15 ya ce, ki faɗa mata a fili abin da ya ɓata miki rai, kuɗin da kuma maganganun da ta yaɗa, in kuma ke ma kin yi maganarta a bayan ido cikin zafin rai, wanda da wuya a ce ba a yi ba, ki roƙi gafarar wannan ɓangaren, durƙusa wa wada ba gajiyawa bane. In ta ƙi ji ki ɗauki mutum ɗaya ko biyu masu hankali, in abin ya ci tura ki kai wa dattawan ikilisiya. Kuma kar wani ya ruɗe ki wai gafara tana nufin ki ce ba a taɓa cin bashin ba. Bashi bashi ne, kina da damar neman haƙƙinki a gaban dattawa cikin ladabi, kina kuma da damar yafe shi in kin ga za ki iya, abin da ba ki da damarsa shi ne ki ci gaba da riƙe ta a zuciya kina fatan ta ga ba daidai ba.

In kin yi naki ita ta ƙi, to Romawa 12:18 ta sauke miki nauyin, cewa ta yi in mai yiwuwa ne, iyakar ƙoƙarinku, ku yi zaman lafiya da kowa. Allah ya san akwai lokacin da ba ya yiwuwa. Ran jibi na gaba ki ajiye jakar a ƙasa ki miƙa hannu. Batun ita tana ci hankali kwance kuwa, ki bar shi tsakaninta da Ubangijinta, ba ki san me take fama da shi da dare ba, kuma ba a sa ki auna ta ba.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ni matashi ne, an yi min baftisma ina cin jibi, amma gaskiya ba na jin komai. Ina ganin wasu suna hawaye ni kuwa hankalina yana kan wayata ko aikin da ke jirana ran Litinin. Mafi muni ma, akwai wani zunubi da nake tuba a kai duk ranar jibi amma kafin Laraba na koma. Anya ba munafunci nake yi ba? Ko in daina ci kawai?
Daga wani matashi

AMSA: Ɗana, munafuki ba ya rubuto irin wannan wasiƙar, shi abin bai dame shi ba.

Yesu bai ce ku riƙa yin haka in kun ji tsikar jikinku ta tashi ba, cewa ya yi ku riƙa yin haka domin tunawa da ni. Bulus kuma ya ƙara da cewa duk lokacin da kuka ci gurasar kuka sha ƙoƙon kuna shelar mutuwar Ubangiji ne har ya dawo. Mutuwar nan ta riga ta faru a kan gicciye, hawayenka ba sa ƙara mata ƙarfi, bushewar idonka kuma ba ta rage mata komai. Wasu Allah ya yi su masu saurin kuka, wasu ba haka ba, shi kenan.

Akwai labarin da nake so ka karanta a hankali, Luka 24 daga aya 13. Almajirai biyu suna tafiya Imuwasu, tafiyar kusan kilomita 11 daga Urushalima, Yesu da kansa yana tafe tare da su yana buɗe musu Littattafai amma ba su gane shi ba, fuskokinsu a murtuke, sai da suka zauna cin abinci ya ɗauki gurasa ya yi godiya ya gutsuttsura ya ba su, sa'an nan idanunsu suka buɗe. Duk tsawon hanyar nan yana nan fa, su ne ba su sani ba. Haka ma Iliya a 1 Sarakuna 19, ya gaji har ya roƙi mutuwa ya kwanta ƙarƙashin itace, mala'ika bai yi masa wa'azi ba, tashe shi ya yi ya ce tashi ka ci don tafiyar ta fi ƙarfinka, da ƙarfin abincin nan ya kai Horeb. Ni haka nake ɗaukar jibi, guzuri ne na mai sauran tafiya, kuma Litinin ɗin nan da hankalinka ke zuwa kanta ai ita ce tafiyar, maimakon ka yi ta kokawa da tunanin ka kawo shi teburin, ka ce Ubangiji ga aikin nan, ga mutumin nan da ke ba ni haushi a ofis, ga jarabar da ke jirana, ka ciyar da ni domin su.

Wayar dai ka kashe ta, wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, daren Asabar ka ware ko minti goma ne ka karanta Ishaya 53 ko Zabura 51, ka faɗa wa Allah zunubanka ɗaya bayan ɗaya da sunansu.

Zunubin da kake komawa kuwa, tambayar da zan yi maka ita ce, faɗa kake yi da shi kana faɗuwa, ko kun shirya da shi kana jiran a tashi coci ka koma? In na farko ne ka zo ka ci, 1 Yohanna 1:9 taka ce, inda aka ce in mun furta zunubanmu Allah zai gafarta mana. In na biyu ne to ka tsaya ka gyara da Allah tukuna. Amma abin da na lura shi ne tubanka kai kaɗai kake yinsa a ɓoye, shi ya sa Laraba take cin ka. Yakubu 5:16 ta ce ku riƙa bayyana wa juna zunubanku kuna yi wa juna addu'a. Nemi dattijo ɗaya mai riƙon amana ka faɗa masa gaskiya, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka, sa'an nan ka duba wane lokaci, wane wuri, wane abu a wayar ne yake jan ka, ka toshe ƙofar tun daga can.

TAMBAYA: Baba ni ɗan Baptis ne, matata Katolika. Na raka ta cocinsu aka ce ba zan karɓi jibi ba, abin ya yi min ciwo. Kuma me ya sa su kullum suke ci mu sai wata-wata, su ruwan inabi mai ƙarfi mu marar sa maye? Wa ke da gaskiya?
Daga wani magidanci

AMSA: Ɗan'uwa, ba kai aka raina ba, tsohuwar magana ce da ta girme mu duka. Katolika sun gaskata cewa bayan addu'ar fada, wato firist ɗinsu, gurasar da ruwan inabin sun zama ainihin jiki da jinin Almasihu ko da kamanninsu da ɗanɗanonsu ba su canza ba, koyarwar da babban taron shugabannin coci da ake kira Majalisar Lateran ta 4 ya rubuta a 1215, Majalisar Trent kuma ta sake tabbatarwa a 1551. A wurinsu karɓa yana nufin ka yarda da wannan kuma kana cikin cikakkiyar tarayya da cocin, shi ya sa ko ɗan cocin ma ana so ya yi ikirarin babban zunubi tukuna, ya kuma yi azumin awa ɗaya kafin ya karɓa. Kai da ba ka yarda da haka ba, in ka karɓa kamar ka sa hannu ne a kan abin da ba ka amince da shi ba.

Mu ma Furotesta ba bakinmu ɗaya ba. A 1529 Martin Luta da Zwingli, jagororin Furotesta na farko, sun zauna a Marburg ta ƙasar Jamus, suka yarda a kan batutuwa 14 cikin 15, na ƙarshen da ya raba su shi ne wannan, Luta ya tsaya a kan cewa jiki da jinin Almasihu suna nan da gaske tare da gurasar da ruwan inabin, Zwingli ya ce alama ce ta tunawa. Kalbin, wani jagoran Furotesta, ya bi tsakiya, ya ce Almasihu yana ciyar da mai bi da gaske amma ta wurin Ruhu Mai Tsarki. Yawancin Baptis sun fi kusa da Zwingli.

Batun sau nawa, Littafi bai yanka lamba ba. Ayyukan Manzanni 20:7 ta nuna masu bi a Taruwasa sun taru ranar farko ta mako don gutsuttsura gurasa, Kalbin ma ya so a riƙa yi duk mako a Jeneba amma hukumar garin ta tsayar da sau huɗu a shekara. In ka tambaye ni ra'ayina, na fi son a yawaita, ban taɓa gamsuwa da hujjar wai yawan yi zai rage masa daraja ba, ai ba ma faɗin haka a kan addu'a ko wa'azi. Ruwan inabi marar sa maye kuwa bai daɗe ba, wani likitan haƙori ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, shi ne a 1869 ya yi amfani da dabarar dafa ruwan inabi don kada ya tsima, coci-cocin da ke yaƙi da shaye-shaye suka karɓa, kuma alheri ne babba ga ɗan'uwan da ya bar giya yake tsoron ko ƙanshinta.

In ka sake raka ta ka zauna a bencinka ka yi addu'a lokacin da take zuwa gaba, kar ka matsa mata ta karya dokar cocinta, ita ma kar ta raina naka. Amma a gida ku riƙa buɗe Littafi tare kuna addu'a tare, wannan babu dokar cocin da ta hana ku.

TAMBAYA: Faston da ya yi shekaru yana ba mu jibi an gano yana cikin zunubi a ɓoye, an dakatar da shi. Jibin da muka ci a hannunsa ya karɓu kuwa?

AMSA: Ya karɓu. An yi wannan gardamar a Afirka ta Arewa bayan tsanantawar da sarki Diyokiletiyan ya fara a 303, mabiya Donatus suka ce duk abin da ya fito daga hannun shugaban da ya faɗi banza ne, Agustin bishop na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya amsa cewa mai teburin Almasihu ne, mai rabon bawa ne kawai, kuma yawancin ikilisiya a kan wannan ta tsaya har yau. Kun ci da bangaskiya ga Yesu, ba ga faston ba. Dakatarwar daidai ce, 1 Timoti 5:19-20 ta ba da hanya, ku dai ku riƙa yi masa addu'a, da iyalinsa, da duk wanda ya cuta.

TAMBAYA: Baba mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ba ta iya zuwa coci, magana ma da ƙyar. Duk ranar Lahadi sai ta riƙa nuna bakinta da hannu tana hawaye, na gane jibi take so. Ya halatta a kawo mata gida? Haɗiya ma tana ba ta wuya.
Daga wata 'yar'uwa

AMSA: 'Yata, Allah ya ba Mama sauƙi, ke kuma ya ƙara miki ƙarfi, jinya ba wasa ba ce. Ya halatta ƙwarai, kuma ba sabon abu bane. Jastin Mai Shahada da ya rubuta yadda Kirista suke sujadar Lahadi a Roma wajen shekara ta 155, ya ce bayan an raba wa waɗanda ke wurin, dikinoni sukan kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Majalisar Nikiya ta 325 ma a dokarta ta 13 ta ce kada a hana wanda ke bakin mutuwa wannan guzurin. Ban ce Mama tana bakin mutuwa ba fa, ina nuna miki ne yadda ikilisiya ta ɗauki abin da nauyi tun da can. Wadda ta yi shekaru tana zuwa teburin da ƙafarta, ranar da ƙafar ta gaza hakkin ikilisiya ne ta taka ta same ta, kuma gaskiya abin yana damuna yadda muke manta tsofaffinmu da zarar sun daina bayyana a benci.

Na taɓa ganin an kai wa wani dattijo da hannunsa ke rawa, mai rabon ya gutsura ɗan mitsitsi kamar ƙwayar hatsi ya jiƙa a ƙoƙon ya sa masa a harshe, jikarsa tana tallafe da kansa, muka rera baiti ɗaya na waƙar da ya fi so, duka abin bai daɗe ba don kar a gajiyar da shi.

Amma batun haɗiyar nan kar ki yi wasa da shi, mai shanyewar jiki yana iya shaƙewa ko abu ya bi masa ta hanyar numfashi, ruwa ma ya fi saurin yin haka. Ki tambayi likita ko nas ɗin da ke duba ta me za ta iya haɗiya, a zaunar da ita sosai kafin a ba ta komai. In gurasa kaɗai za ta iya ko ɗigo ɗaya a leɓe, ya isa. In ma likita ya ce kada a sa komai a bakinta, a zo dai a karanta mata kalmomin, a yi addu'a, ku ci a gefenta kuna riƙe da hannunta, ɓarawon da ke kan gicciye a Luka 23 bai taɓa cin jibi ba amma Yesu ya ce masa yau za ka kasance tare da ni a Firdausi.

Ki kira fasto ko ɗaya daga cikin dattawa a satin nan, kar ki jira sai sun tuna da kansu, ki faɗa musu lokacin da ta fi wartsakewa a rana, ki kuma roƙa su zo da mutum biyu ko uku cikin ƙawayenta na coci don su ci tare da ita.

Masu tambaya a kan yara da waɗanda ba a yi wa baftisma ba tukuna, ku yi haƙuri fili ya ƙare, da taku za mu fara a wata mai zuwa in Ubangiji ya yarda.